Da Me Ƙudan Zuma da Tururuwa Ke Auna Darajar Abu Kafin Su Zaɓa?

Tambaya daga wani mai kiwon zuma a yankin Alkaleri, jihar Bauchi: "Na kafa amya shida a gonata, huɗu na gargajiya a kan ɗorawa, biyu kuma sabbin akwatunan katako da na kashe wa kuɗi. Zuma ta shiga tsofaffin amya biyu, ta ƙi akwatunan, wani ayarin ma ya wuce su ya shige silin ɗin maƙwabcina. Sarauniya ce ke zaɓa? Da me take auna wuri? Tururuwa ma haka suke yi da abinci?"

Malam, sarauniya ba ta da ta cewa a wannan sha'ani. Ranar da ayari ya fito daga tsohon gida ya dunƙule a jikin reshe, tana can tsakiyar dunƙulen a lulluɓe, ba ta leƙa ko'ina ba. Masu zaɓen masauki tsofaffin ma'aikata ne waɗanda suka saba fita kiwo, mu kira su 'yan leƙe. A ayari mai ƙuda dubu goma ba su wuce ɗari uku zuwa ɗari biyar. Sauran suna zaune cikinsu cike da zumar guzuri, suna jira.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin 'yan leƙen nan wuri guda kowace ke gani. Da wuya ka samu wadda ta shiga akwatinka, ta shiga amyarka, ta shiga silin, sannan ta zauna ta kwatanta. Kowace tana auna abin da ta gani da ma'aunin da aka halicce ta da shi, ta dawo ta yi masa talla gwargwadon yadda ya burge ta. Kwatancen yana faruwa ne a bayan dunƙulen, inda tallace-tallacen ke gogayya da juna.

Tallan kuwa rawa ce. Karl von Frisch ɗan ƙasar Ostiriya ne ya warware ma'anarta, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1973. 'Yar leƙe takan miƙe a guje tana kaɗa ciki, ta kewayo, ta sake. Inda ta fuskanta a wannan gudun, in aka auna shi da sama tsaye, shi ne inda wurin yake in aka auna shi da rana. Tsawon gudun kuma nisa ne, daƙiƙa guda na nufin wajen kilomita guda, ko da yake lissafin yana ɗan bambanta tsakanin jinsi da jinsi. Almajirin von Frisch, Martin Lindauer, shi ne ya gane, a birnin Munich na Jamus cikin shekarun 1950, cewa ƙudan da ke rawa a bayan ayari masauki suke tallatawa. Yakan karanta rawar, ya bi ayarin da gudu cikin gari, ya tarar sun sauka inda rawar ta nuna.

Darajar wuri tana shiga cikin yawan kewayen. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya shafe shekaru yana gwaji a wani tsibiri mai suna Appledore, inda babu manyan itatuwa masu kogo, don haka akwatunan da ya ajiye su ne kaɗai masauki. Ya ga wadda ta samu wuri mai kyau tana yin kewaye wajen 90 gaba ɗaya, wadda ta samu na tsaka-tsaki kuma wajen 30. Halin maroƙi ke nan, gwargwadon kyauta gwargwadon kirari. Mai dogon kirari ta fi jawo 'yan kallo, su tashi su je su gani da idonsu, su auna da kansu, in ya yi musu su dawo su ma su yi rawa. Babu wadda ke rawa kan wurin da ba ta taka ba, kuma wannan sharaɗin ne ke hana kuskuren ƙuda ɗaya ya zama na kowa.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan kyau a ganina. Duk lokacin da 'yar leƙe ta koma wurin ta dawo, sai ta rage rawarta da kewaye wajen 15, ko da wurin nan babu kamarsa, har ta yi shiru gaba ɗaya. Ba a shawo kanta da hujja, gajiya take yi da nata tallan. Saboda haka wurin da bai samu sababbin magoya baya da sauri ba, maganarsa mutuwa take yi da kanta. A wani gwaji da aka jera akwatuna biyar, huɗu masu cin lita 15, ɗaya mai cin lita 40, ayari huɗu cikin biyar sun zaɓi babban, alhali sau da yawa ƙananan aka fara ganowa.

Ba sa jiran bakin kowa ya zo ɗaya. A can bakin masaukin ake yanke hukunci: da zarar 'yan leƙe sun ga 'yan'uwansu sun kai wajen 15 a ƙofa lokaci guda, sai su komo suna kutsawa cikin dunƙulen da wata 'yar siririyar ƙara, wadda ke sa kowa ya ɗumama naman fiffikensa zuwa digiri 35. In jiki ya yi zafi, ayari ya tashi cikin kamar minti guda. Idan wurare biyu suka yi kunnen doki, akwai abin raba gardama da aka bayyana a 2012: 'yar leƙen wani wuri takan tunkuyi mai rawar ɗaya wurin da ka, tare da ɗan gajeren sauti, har ta sa ta dakata. Wani lokaci duk da haka abin yakan ƙi. Lindauer ya ga ayarin da ya tashi sama ya rabu biyu, kowane ɓangare na ja, daga baya suka dawo suka sake dunƙulewa.

To me 'yar leƙe ke dubawa? Takan shafe fiye da rabin awa tana shiga tana fita, tana taka bangon ciki lungu-lungu, kuma da wannan tattakin take ƙiyasta girman wurin. A gwaje-gwajen da aka yi a jihar New York, inda aka riƙa ba su zaɓi tsakanin akwatuna biyu masu bambanci a abu guda, sun fi son kogo mai cin lita 40 a kan mai 10 ko mai 100. Sun fi son ƙofa ƙarama, kamar rami mai faɗin santimita 4, a kan wagegiya. Sun fi son ƙofar ta kasance can ƙasan kogon, kuma wurin ya yi sama, mita 5 ya fi musu mita 1. Sun fi son inda akwai tsohuwar saƙa. Tsagar da iska ke shiga ba ta dame su ba, don wannan suna iya like ta da danƙon itace. Abin da ba su iya gyarawa shi suke tsananta wa bincike, wato girma da ƙofa da tsayi.

Waɗannan alƙaluma na zumar Turai ne, wadda sai ta tara abincin watannin sanyi. Tamu ta Afirka ta Yamma ta fi ta ƙanƙanta, ta fi yawan fidda ayari, tana kuma karɓar kogon da bai kai wancan ba, har tulu da tsohuwar jarka tana shiga. Haka kuma a can sun fi son ƙofar da rana ke bugawa saboda sanyi. A Alkaleri cikin Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 alhali 'ya'yan zuma 34 zuwa 35 suke buƙata, inuwa ce abin nema.

Yanzu ɗora akwatunanka a kan wannan sikeli. Amya mai tsawon mita guda da faɗin ciki santimita 20 tana cin lita 31, mai faɗin 25 tana cin 49. Tana can sama a inuwar ɗorawa, ƙofarta ƙarama, an yaɓe ta da kashin shanu, an turara ta, kuma in ta taɓa ɗaukar zuma warin kaki da danƙo yana nan a jikinta. Dogon akwatin nan mai sanduna a sama, ƙirar Kenya, sau da yawa yakan haura lita 60. Ana ɗora shi a kan teburi ƙasa-ƙasa, yana warin sabon katako, ko fenti, ko baƙin man da aka shafa don gara. Kuɗin da ka kashe ba ya cikin abin da 'yar leƙe ke aunawa. Silin ɗin maƙwabcinka kuwa yana da tsayi, da duhu, da 'yar kafa ta shiga, kuma in zuma ta taɓa zama a ciki to ya gama cin gasar.

Gyaran ba shi da wuya. Ka sa allon raba ɗaki a cikin akwatin ka rage shi zuwa lita 25 ko 40, wato jarka ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in sun zauna sai ka riƙa matsar da allon. Ko ka sa kafinta ya yi maka ƙaramin akwatin tarko mai ɗaukar sanduna shida ko bakwai daidai da na babban, kowace sanda faɗinta milimita 32, wanda shi ne ya dace da zumarmu. Fenti a waje kawai, a bar shi ya sha iska har warin ya fita. Ka narka kaki mai tsabta ka zuba siririn layi a tsakiyar kowace sanda, ka goga saura a bango da bakin ƙofa. Guntun tsohuwar baƙar saƙa kamar tafin hannu yana taimakawa ƙwarai, amma ya zama babu zuma ko garin fure a jikinsa, in ba haka ba kiyashi da tsutsar kaki ne za su riga ayarin shiga. Ganyen ciyawar nan mai ƙanshin lemo da ake sa wa a shayi, in ka murje ka goga a ciki, yana aiki saboda sinadarin da ke ba shi ƙanshi yana cikin turaren da ƙudan zuma ke fesawa don kiran 'yan'uwansu. Kaɗan ake sawa, a sabunta bayan mako biyu, don in ya yi yawa kora yake yi. Maimakon rami ɗaya babba, huda ramuka shida zuwa takwas masu faɗin milimita 8 zuwa 10 a ƙasa-ƙasa, kuma kada su kalli inda iskar hadari ke bugowa, wanda a wajenmu galibi gabas ne. Sai ka rataye tarkon mita 3 zuwa 5 a inuwa, inda ana hango shi, tun daga ɗaukewar damina. Ka riƙa buɗe wanda ba a shiga ba duk mako biyu, domin rina ko ɓera ko ƙadangare in ya tare a ciki, 'yar leƙe ba za ta yi masa rawa ba.

Kada ka jera tarkuna masu kama ɗaya a reshe guda. An gwada haka: da aka ajiye akwatuna biyar iri ɗaya kusa da juna maimakon ɗaya, 'yan leƙen suka rarrabu a cikinsu, adadin da ake jira ya ƙi cika da wuri, tashin ayarin ya yi jinkirin wajen awa huɗu. Jinkiri ne kawai, ba ya hana shiga, amma a cikin waɗannan awoyi wani wurin na iya sha gabanka.

A wajen abinci tsarin bai canza ba, sai dai ma'aunin yana motsi. Mai kiwo, wato ma'aikaciyar da ke fita neman abinci, tana haɗa zaƙin ruwan fure, da yawan da yake fita, da nisan tafiya, da haɗarin wurin, ta mayar da su yawan rawa. An gwada wannan a wani daji a arewacin New York da kwano biyu na ruwan sukari, ɗaya arewa ɗaya kudu, kowanne mita 400 daga amya, ɗaya ya ninka ɗaya kauri fiye da sau uku. Ƙudan suka taru a mai kaurin. Da tsakar rana aka musanya kwanukan, kafin yamma taron ya koma ɗaya gefen, ba tare da ƙudan sun ɗanɗana kwanukan biyu sun kwatanta ba. Waɗanda nasu ya tsinke sun daina rawa, wasu sun daina zuwa, waɗanda nasu ya yi kauri suka ƙara.

Yadda take sanin halin da gida ke ciki shi ne abin sha'awa. Mai kiwo ba ta zuba kayanta a saƙa da kanta, miƙa wa masu karɓa take yi a kusa da ƙofa. In ta samu mai karɓa cikin daƙiƙa 20, alama ce hannuwa sun yi yawa kaya sun yi kaɗan, sai ta yi rawa ko da abin da ta kawo bai taka kara ya karya ba. In ta haura daƙiƙa 50 tana nema, gida ya cika da kaya, sai ta bar rawar talla ta koma wata rawar karkarwa mai kiran ƙarin masu karɓa. Shi ya sa furen da ake rububinsa a lokacin yunwa, in ɗorawa da kaɗanya da mangwaro suka buɗe ba mai kula shi. Ruwa ma haka ne. Da tsakar ranar bazara masu karɓa suna wawar ɗigon ruwa don sanyaya 'ya'ya, da gari ya yi sanyi su ƙi karɓa, masu ɗebowa su daina. Wanda ya ajiye musu ruwa kusa, da tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse, ya rage musu wannan wahala, ya kuma rage rigima da mata a bakin rijiya.

Tururuwa ba su da rawa, da wari suke talla. Wadda ta samu abinci mai kyau takan dawo tana dangwala ƙarshen cikinta a ƙasa, tana barin sinadari, kuma gwargwadon kyan abincin gwargwadon dangwalawar. A gwajin gada biyu da masana a Beljiyam suka yi a 1989 da tururuwar Ajantina, hanya ɗaya gajera ɗaya doguwa, masu bin gajerar sun fi saurin zuwa da dawowa, warinta ya riga taruwa, jama'a suka koma kanta. Sai dai tsarin yana da rauni. In hanya ta riga ta kafu zuwa abinci na tsaka-tsaki, sannan aka kawo mafi kyau daga baya, wasu jinsunan sukan maƙale a tsohon, don sabon warin ba ya iya gogayya da wanda ɗaruruwa ke sabuntawa. Zuma ta fi su saurin juyawa saboda rawa tana ƙarewa da mai yinta, wari kuwa yana zama a ƙasa. Wannan ne dalilin da share kiyashin da ke hawa amya ba ya wadatarwa. Sai ka wanke hanyar da ruwan omo, ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanin baƙin mai ko ka shafa giris a wayar da ka rataye amyar, ka kuma sare duk ciyawa ko reshen da ya taɓa ta.

Akwai wata 'yar mitsitsiyar tururuwa da ke zama a tsagar duwatsu a kudancin Ingila, wadda Nigel Franks da abokan aikinsa a Bristol suka yi wa dogon nazari. Gida guda bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. In gidansu ya rushe, mai leƙe takan shiga sabon rami ta zaga tana barin sawun warinta, ta fita, ta dawo ta sake zagawa. Yawan yadda take tsallaka tsohon sawunta shi ke gaya mata faɗin wurin: in tana yawan cin karo da shi, ɗakin ƙarami ne. Tana son duhu da ƙaramar ƙofa, tana gudun ramin da ke da gawar tururuwa. Darajar wurin tana fitowa a jinkirinta, mai kyau nan da nan take fara gayya, maras kyau sai ta yi ta jan ƙafa. Da farko ɗaya-ɗaya take jagoranta, ta bayan tana taɓa ta da ƙahonni, har su isa ita ma ta auna. In adadin da ke cikin sabon ramin ya cika, sai su bar jagora su koma ɗaukar 'yan'uwa a baki, wanda ya ninka sauri wajen sau uku. Idan kuwa suna cikin haɗari, sukan rage adadin da suke jira, su yanke da wuri, kuskurensu kuma ya ƙaru. 

Suna ruɗuwa kuwa? Ƙwarai. Tun 1976 aka nuna cewa ƙudan da ya saba da ruwan sukari mai kashi 40 cikin ɗari, in aka ba shi mai kashi 20 sai ya riƙa ɗanɗanawa yana janyewa, alhali wanda bai san na 40 ba yana shan na 20 lafiya lau. A 2019 masana a Regensburg ta Jamus suka ga irin haka a baƙar tururuwar lambu: wadda ta sa rai da mai zaƙi ta tarar da matsakaici takan raina shi ta rage warin da take zubawa, wadda ta sa rai da salam ta tarar da wannan matsakaicin kuma ta ƙara. Abinci ɗaya, daraja biyu. Ga mai ciyar da zuma a lokacin yunwa, ma'anar ita ce ka tsaya kan haɗi guda, kofin sukari ɗaya ga kofin ruwa ɗaya, kada ka fara da mai kauri ka koma tsararo don sukari ya yi tsada. A cikin amya ake sawa da yamma, don in a fili ne ka gayyato fashi daga wasu amyoyin.

Tsirrai ma suna yi musu wayo. Ruwan furen kofi da na dangin lemo yana ɗauke da ɗan kafin, sinadarin nan da ke cikin goro. An nuna a 2013 cewa yana ƙarfafa tunawar ƙuda da ƙanshin furen, a 2015 kuma aka ga ƙudan da suka sha ruwan sukari mai kafin sun fi yin rawa da komawa wurin, alhali zaƙinsa daidai yake da maras shi. An kuma ga tururuwa ɗaya tilo tana canza ra'ayi tsakanin gida biyu don kawai an ajiye na uku maras amfani a gefe, amma gida gaba ɗaya bai faɗa wannan tarkon ba, tunda yawancinsu wuri guda kowace ta gani.

Bakin tarkonka zai riƙa gaya maka inda maganar ta kwana. Ƙuda ɗaya ko biyu da ke shiga da fita, suna shawagi a hankali suna fuskantar akwatin, babu garin fure a ƙafarsu, 'yan leƙe ne. In washegari sun zama goma ko ashirin, ana yi maka rawa a wani reshe, to kada ka taɓa akwatin, kada ka ƙara turare, kada ka matsar da shi ko taku ɗaya. In sun ɓace kwatsam bayan sun yi yawa, ko dai wani wurin ya ci, ko kuma sun koma tayar da ayarin ne, ka duba bayan awa guda. Bayan sun shiga, ka bar su sai ka ga suna shigo da garin fure, alamar sarauniya ta fara ƙwai, wanda yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Sannan ka sauke tarkon da dare, ko dai mita guda-guda kowace rana har ya iso teburinsa, ko ka kai shi nesa da kilomita 5 gaba ɗaya, don in nisan ya faɗa tsakanin waɗannan biyun, ƙudan da ke fita kiwo tsohon reshen za su riƙa komawa.